Saiwa da Ɗafa-goshi: Yadda Ake Gina Kalmomin Turanci

Da harshen Turanci ake koyar da mafi yawan darussa a makarantun Nijeriya tun daga manyan azuzuwan firamare har zuwa jami'a, da shi kuma ake rubuta jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da ta NECO da jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB, in ban da darussan harsuna irin su Hausa da Larabci. Saboda haka yaron da ya tashi a Dutse ko Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu ko Gwaram, wanda Hausa ko Fulatanci ne harshen gidansu, ba ya samun gurbin karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, ko a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, sai ya ci darasin Turanci da kiredit. Gajerun kalmomin gaisuwa da hira ba su cika wahalar da irin wannan ɗalibi ba. Abin da ke tare masa hanya shi ne dogayen kalmomin da suka cika littattafan kimiyya da tattalin arziki da aikin gwamnati, waɗanda yawancin ɗalibai ke fuskantar su da hadda, su haddace goma yau su manta takwas kafin mako ya zagayo. Alhali kuwa mafi yawan waɗannan kalmomi haɗa su aka yi daga wasu 'yan ƙananan sassa masu maimaita kansu, kuma wanda ya san sassan yana iya kwance kalmar da bai taɓa gani ba ya kusanci ma'anarta.

Ma'anar saiwa da ɗafi

Fannin ilimin harshe da ke nazarin yadda ake gina kalma shi ne masana Hausa ke kira ilimin ƙirar kalma, wasu kuma su ce tasarifi. A wannan fanni, saiwa ita ce ɓangaren kalma da ke ɗauke da asalin ma'ana, wato abin da ke saura bayan an cire duk wani ƙari, shi kuwa ɗafi shi ne guntun da ake liƙa wa saiwa domin a sauya ma'anarta ko aikinta, kuma ba ya iya tsayawa shi kaɗai a cikin jimla. Idan an liƙa shi a farkon kalma sunansa ɗafa-goshi, idan a ƙarshe ne sunansa ɗafa-ƙeya, idan kuma an cusa shi a tsakiya, kamar wasalin da ke shiga cikin gulbi ya mayar da shi gulabe, sunansa ɗafa-ciki. Turanci yana da nau'i biyu na farko da yawa, na ukun kuwa kusan babu shi.

Mai jin Hausa yana aiki da wannan tsari kullum ko da bai taɓa shiga ajin nahawu ba. Ɗafa-goshin ba- yana nuna asalin mutum, kamar a Bakano da Bakatsine da Balarabe da Bature, shi kuwa ma- yana haɗuwa da aikatau ya fitar da mai yin aiki ko wurin yin sa ko abin yin sa, kamar manomi da maƙeri, makaranta da masallaci, mabuɗi da madubi. Wanda ya zauna a makarantar ilimi ya karanci sarfu ya ƙara sanin wani salon, domin a Larabci baƙaƙe uku ne ke riƙe da ma'ana, shi ya sa hukunci da hukuma da hakimi da hikima suka fito daga tushe ɗaya, haka ma jami'a da jama'a da jam'iyya da Juma'a duk suna komawa ga ma'anar taruwa.

Haka Turanci yake yi da nasa kayan. Kalmar unemployment, wadda ke nufin rashin aikin yi, sassa uku ce: un- mai korewa, employ mai nufin ɗaukar mutum aiki, sai -ment mai mayar da aikatau suna. Kalmar reconstruction, wadda ake yawan gani a allunan aikin hanya, sassa huɗu ce: re- mai nufin sakewa, con- mai nufin tare, struct mai nufin ginawa, sai -ion, wato dai sake gina abu. Waɗannan misalai biyu suna nuna nau'in saiwa biyu, domin employ tana iya tsayawa da ƙafarta a cikin jimla, ita kuwa struct ba ta fitowa sai da ɗafi a jikinta, daidai da yadda karant- ba ta zama kalmar Hausa sai an ce karanta ko makaranta ko makaranci. Ƙa'idar da ta fi yawa ita ce ɗafa-goshi yana sauya ma'ana ya bar ajin kalma yadda yake, ɗafa-ƙeya kuma yana sauya ajin, ko da yake akwai 'yan kaɗan da suka saɓa, kamar en- da ke mayar da sifar large ta koma aikatau enlarge, wato faɗaɗawa.

Dalilin da ya sa kalmomin Turanci suka kasu hawa-hawa

Tarihin Ingila ne ya haifar da wannan hali. Asalin harshen ya zo ne da wasu ƙabilu masu magana da harsunan dangin Jamusanci da suka ƙetara zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5, kuma daga gare su ne gajerun kalmomin yau da kullum suka fito, irin su house da water da hand da come, tare da ɗafa-goshi irin su un- da mis- da over- da under- da fore-. A 597 masu wa'azin Kirista daga Rum suka iso da Latin a matsayin harshen addini da karatu. A 1066 William, mai mulkin Normandi da ke arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, sai Faransanci, wanda shi kansa daga Latin ya samo asali, ya zama harshen fada da kotu da sarauta na kusan shekara 300. Bayan William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, malaman ƙarni na 16 da na 17 suka riƙa ɗebo kalmomi kai tsaye daga Latin da Girkanci domin su rubuta ilimin likitanci da falsafa da lissafi da harshensu, kuma har yau daga waɗannan harsuna biyu masana kimiyya ke haɗa sunan sabon abin da suka gano.

A 1973 wasu masana biyu, Thomas Finkenstaedt da Dieter Wolff, sun tantance asalin kalmomi kimanin 80,000 na wani ƙamusun Oxford, suka tarar kashi 28 cikin 100 daga Faransanci suke, wasu kashi 28 daga Latin, kashi 25 daga dangin Jamusanci, sai kashi 5 daga Girkanci. A 2000 kuma Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington ta fitar da jerin dangogin kalmomi 570 da suka fi yawa a rubuce-rubucen jami'a, aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 daga Latin ko Girkanci suka fito. Ma'anar wannan ita ce kalmomin gida da kasuwa na gado ne, na littafi da ofis kuwa na aro ne, kamar yadda Hausa ta riƙe gida da ruwa da hannu a matsayin nata, ta aro shari'a da ilimi da alƙalami daga Larabci.

Wannan hawa uku, wato na gado da na Latin da na Girkanci, shi ya sa ake samun ɗafa-goshi uku masu ma'ana ɗaya. Ma'anar bisa ko wuce kima tana fitowa da over- na gado da super- na Latin da hyper- na Girkanci, ma'anar ƙasa kuma da under- da sub- da hypo-. Ɗaya ana ce masa uni- a Latin, mono- a Girkanci, yawa kuwa multi- ne a Latin, poly- a Girkanci, wanda shi ne farkon sunan kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar Jigawa da ke Dutse, polytechnic, wato wurin koyon sana'o'i da yawa. Shi ne kuma dalilin da ya sa ake cewa unable amma inability, unjust amma injustice, domin sifofin sun karɓi un- na gado, sunayen kuma suka zo da in- nasu na Latin.

Ɗafa-goshin da suka fi yawa

Ba dukkan ɗafa-goshi ne suke da nauyi ɗaya ba. A 1989 Thomas White da abokan aikinsa biyu sun ƙirga kalmomi masu ɗafa-goshi a littattafan makarantun Amurka, suka gano cewa guda 20 kacal ne suka mamaye kashi 97 cikin 100 na irin waɗannan kalmomi, kuma huɗu daga cikinsu, wato un- da re- da in- da dis-, su kaɗai sun ɗauki kashi 58. Uku daga cikin huɗun nan aikinsu korewa ne, kuma a nan ne Turanci ya bambanta da Hausa, domin Bahaushe yana korewa da kalma daban, ya ce rashin adalci ko marar gaskiya ko bai yarda ba, Bature kuwa yakan cusa korewar cikin kalmar, ya ce injustice da dishonest da disagree. Un- yana da aiki biyu: a jikin sifa yana nufin akasinta, kamar unsafe, abin da ba shi da aminci, a jikin aikatau kuma yana nufin warware aikin da aka yi, kamar unlock da untie, wato buɗe abin da aka kulle da kwance abin da aka ɗaure. Re- kuwa yana nufin sakewa ko komawa baya, kamar a rewrite da return da refund.

Sauran an fi saurin riƙe su idan aka kasa su bisa ma'ana. Na lokaci su ne pre- da ante- da fore- masu nufin kafin, post- mai nufin bayan, da ex- mai nufin tsohon mai riƙe da muƙami, kamar ex-governor. Na wuri su ne inter- tsakanin, intra- a cikin, trans- ƙetare, sub- ƙarƙashin, ex- waje, tele- nesa. Filin jirgin saman Dutse da aka buɗe a 2014 yana ɗauke da kalmar international a sunansa, wato tsakanin ƙasa da ƙasa, ita kuma tashar binciken dabino da ke Dutse ana kiran ta sub-station saboda tana ƙarƙashin cibiyar NIFOR mai hedikwata kusa da Benin. Na hali su ne mis- da mal- masu nufin kuskure ko ɓaci, kamar misuse da malnutrition, wato tamowa, sai co- mai nufin tarayya, anti- mai nufin yaƙi da abu, da de- mai nufin cirewa, kamar deforestation, sare dazuzzuka, matsalar da manoman Jigawa suka san illarta. Na adadi su ne bi- biyu, tri- uku, semi- rabi, kilo- dubu, centi- ɗaya bisa ɗari, milli- ɗaya bisa dubu, mega- miliyan, giga- biliyan, waɗanda duk mai sayen data a waya ya saba da na ƙarshensu.

Naso: yadda ɗafa-goshi ke sauya kama

Akwai wani al'amari da ke ɓoye ɗafa-goshi ga idon ɗalibi, wanda masana tsarin sauti ke kira naso, wato sauti ya rikiɗe ya yi kama da maƙwabcinsa domin furuci ya yi sauƙi. Ɗafa-goshin in- mai korewa yana komawa im- a gaban b da p da m, kamar imbalance da impossible da immature, yana komawa il- a gaban l, kamar illegal da illiterate, yana kuma komawa ir- a gaban r, kamar irregular da irresponsible. Duk wanda ya koyi tajwidi a makarantar Islamiyya zai gane wannan nan take, domin nun mai ɗauri idan ta haɗu da ba takan koma mim, abin da ake kira iƙlabi, idan kuma ta haɗu da lam ko ra ko mim sai ta narke cikinsu, abin da ake kira idgami. Hausa ma tana yin haka, tunda ana rubuta gidan Bala amma baki yana furta gidam Bala. Babu harshen da ya ari wannan daga wani, halittar baki ce ɗaya, kuma sauyin da ake gani a Turanci tun a Latin ya auku, aka aro kalmomin da shi a jikinsu.

Sauran ɗafa-goshin Latin ma haka suke. Ad- mai nufin zuwa ga abu shi ne ya ɓuya a accept da affect da announce da approve da attract, shi ne kuma a afforestation, wato dashen itatuwa. Con- mai nufin tare shi ne a collect da correct da commit da compose, sub- shi ne a succeed da suffer da support, ob- mai nufin fuskanta ko tarewa shi ne a occur da offer da oppose. Sanin wannan yana warware rikicin rubutu da ke cinye wa ɗalibai maki, domin baƙin da ake ninkawa a farkon irin waɗannan kalmomi ɗaya na ɗafa-goshi ne, ɗaya na saiwa. Shi ya sa disappoint take da s ɗaya, tunda dis- ne ya hau appoint, dissatisfy kuma take da biyu, tunda dis- ne ya hau satisfy, haka unnecessary da misspell, ita kuwa accommodate ta ninka c ta ninka m saboda ad- da con- duka suna cikinta kuma kowanne ya yi naso.

Saiwoyin Latin da Girkanci

Saiwa guda ta Latin tana iya riƙe da dangin kalmomi masu yawa. Port tana nufin ɗauka, don haka export fitar da kaya ne waje, kamar yadda ake fitar da riɗi da zoɓon Jigawa, import shigo da su ne, transport ɗauke su ne daga wuri zuwa wuri, deport korar mutum ne daga ƙasa, report kawo labari ne, support kuma ɗaukar abu ne daga ƙasa, wato tallafa masa. Ject tana nufin jefawa, sai ta ba da inject, jefawa ciki, wato yin allura, reject, jefarwa baya, wato ƙin karɓa, da eject da project. Dict tana nufin faɗa, sai ta ba da predict, faɗin abu kafin ya auku, contradict, faɗin akasi, da dictionary. Scrib tana nufin rubutawa, sai ta ba da describe da prescribe da subscribe, tana kuma komawa script a manuscript, rubutun hannu, da transcript, takardar sakamakon karatu. Irin wannan sauyin siffar saiwa sananne ne a Hausa, inda rubuta ke ba da marubuci, Sakkwato kuma ke ba da Basakkwace.

Da yawa daga cikin waɗannan saiwoyi sun riga sun shigo Hausa a cikin kalmomin aro. Kwangila daga contract take, tarakta daga tractor, kuma dukkansu daga tract suke mai nufin ja, wadda ke cikin attract da extract da subtract. Sufeto daga inspector yake, mai saiwar spect, dubawa, wadda ke cikin respect da suspect da spectator. Kwandasta daga conductor yake, mai saiwar duc ko duct, jagoranta, wadda ke cikin produce da reduce da introduce. Kwamishina da kwamiti suna da saiwa ɗaya, mit ko miss, aikawa, wadda ke cikin submit da admit da permit da transmit da dismiss. Malamin da ya fara darasi da kalmar da yara ke ji a tasha ko a rediyo ya riga ya rage musu rabin wahala.

Saiwoyin Girkanci kuwa su ne harsashin sunayen fannonin ilimi da kayan kimiyya, kuma sukan haɗu biyu-biyu ko uku-uku. Bio rai, geo ƙasa, hydro ruwa, photo haske, phon sauti, therm zafi, chron lokaci, micro ƙanƙane, graph rubutu ko zane, logy nazari, meter awo, scope dubawa. Daga nan biology nazarin masu rai ne, microbiology nazarin ƙananan halittu, geography bayanin ƙasa, thermometer ma'aunin zafi, telephone kuma, wanda Hausa ta mayar tarho, sauti ne daga nesa. Dimokuraɗiyya ma daga demos take, jama'a, da kratos, iko.

Amfaninsa a asibiti

A harkar lafiya ne sanin ɗafa-goshi ya fi nauyi, domin a can bambancin harafi ɗaya ko biyu yana iya juya ma'ana gaba ɗaya. Ɗaliban kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta Birnin Kudu, da na makarantar fasahar lafiya ta Jahun, da masu neman sanin makamar aiki a Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da ke Dutse ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, duk suna cin karo da waɗannan kalmomi tun daga darasin farko. Ante- yana nufin kafin, natal kuma haihuwa, don haka antenatal shi ne awon ciki, postnatal kulawar bayan haihuwa, neonatal kuma abin da ya shafi jariri sabon haihuwa. Anti- daban yake, shi ne a antibiotic da antimalarial da antiseptic, magungunan yaƙi da ƙwayoyin cuta. Hypertension hawan jini ne, hypotension faɗuwarsa ce, hyperglycaemia hauhawar suga ce a jini, hypoglycaemia kuma raguwarsa, kuma maganin ɗaya yana iya zama halaka ga mai ɗayar. Intramuscular allura ce cikin tsoka, intravenous cikin jijiyar jini, subcutaneous ƙarƙashin fata. Milligram ya ninka microgram sau 1,000. Ɗafa-ƙeyar -itis kuma tana nufin kumburi, shi ya sa hepatitis ciwon hanta ne, meningitis kuma, wato sanƙarau, kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ne.

Wuraren da ake tuntuɓe

Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma wannan magana ta dace da wannan fanni. Ba duk kalmar da ta fara da haruffan ɗafa-goshi ce take ɗauke da shi ba, domin babu un- a uncle, babu re- a read ko reach, babu pre- a pretty, babu mis- a mister. Akwai kuma ɗafa-goshi biyu masu siffa ɗaya, waɗanda suka fi kowanne ruɗarwa: in- mai korewa da in- mai nufin ciki. Na biyun ne a income da include da inject, shi ne kuma ya yi naso a import da irrigation, wadda ke nufin shigar da ruwa gona irin na noman rani, saboda haka ir- na irrigation da ir- na irregular ba abu ɗaya ba ne. Kalmar inflammable da ake rubutawa a jikin tankokin man fetur tana nufin abin da ke saurin kama wuta, domin in- ɗinta ba na korewa ba ne, abin da ba ya kamawa kuwa non-flammable ake ce masa. Haka invaluable tana nufin abin da darajarsa ta wuce a yi masa farashi, ba marar daraja ba, kuma irin waɗannan ne masu tsara tambayoyin kishiyar ma'ana ke son sakawa a jarrabawa.

Wasu kalmomin kuma ma'anarsu ta yi nisa da sassansu saboda daɗewa a bakin jama'a, ta yadda under da stand ba za su kai mutum ga understand ba, wato fahimta. Wani lokaci 'yar karan ɗori ce ke rarrabewa, domin resign ajiye aiki ne, re-sign kuma sake sa hannu, recover warkewa ce ko dawo da abin da ya ɓata, re-cover kuma sake rufewa. Ɗafa-goshin bi- yana da harshen damo a biweekly, wadda wasu ke nufin sau biyu a mako da ita, wasu kuma sau ɗaya a mako biyu. A furuci ma akwai abin lura, domin kalmomi irin su record da export da present ana ƙarfafa gaɓarsu ta farko idan suna ne, ta biyu kuma idan aikatau ne. Saboda waɗannan dalilai, kwance kalma hasashe ne mai ƙarfi wanda dole a gwada shi a kan ma'anar jimla, sannan a tabbatar da shi a ƙamus, ko na Turanci zalla ko na Turanci da Hausa irin wanda Neil Skinner ya wallafa a 1965 da wanda Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990.

Tsarin bai tsaya a tarihi ba, har yanzu yana haihuwa. Zamanin intanet ya kawo e- da cyber-, kamar a e-mail da eNaira da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2021, kuma a 2009 wani ƙamusun Oxford na Amurka ya zaɓi unfriend, cire mutum daga jerin abokai a Facebook, a matsayin kalmar shekara, alhali un- ɗin da aka gina ta da shi ya haura shekara 1,000 a harshen.

Abin da ya kamata a yi a aji

Hanyar da ta fi dacewa matakai biyar ce: ɗalibi ya cire ɗafa-goshi, ya cire ɗafa-ƙeya, ya duba ko abin da ya rage kalma ce ko saiwar da ya sani, ya haɗa ma'anonin ya gwada su a cikin jimlar da yake karantawa, sannan ya duba ƙamus. Ya fi kyau a fara tun daga aji huɗu ko biyar na firamare da un- da re- da dis- da in- a jikin kalmomin da yara suka riga suka sani, a shigo da naso da sauran ɗafa-goshin a ƙaramar sakandare, a bar saiwoyin Latin da Girkanci zuwa lokacin da darussan kimiyya suka kankama, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aikin bai tsaya kan malamin Turanci shi kaɗai ba, tunda malamin kimiyya da ya ɗauki minti biyu ya raba photosynthesis zuwa haske da haɗawa ya koyar da darasinsa ya kuma koyar da harshe. Wannan ba ya maye gurbin yawan karatu, domin a cikin littafi da jarida ne ɗalibi zai riƙa haɗuwa da kalmomin har su zauna masa.

Babban abin da ake nema shi ne a daina ɗaukar Hausa da karatun Islamiyya a matsayin abokan gabar Turanci, domin yaron da ya san ba- da ma-, ya san sarfu, ya san iƙlabi da idgami, ya zo aji da mafi yawan tunanin da ake buƙata, sunayen sassan ne kawai bai sani ba. Ya dace Kwalejin Ilimi ta Gumel da sassan harsuna na jami'o'in jihar su ba ilimin ƙirar kalma wuri mai faɗi wajen horar da malamai, su kuma koya musu kwatanta harsunan uku a gaban allo. Ya dace Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Jigawa su tanadi ƙamus a kowane aji, tare da ɗan littafin da ya tattara ɗafa-goshi 20 da saiwoyin da suka fi yawa da bayaninsu cikin Hausa. Iyaye da yayye masu ilimin boko su ma suna iya zama da yara su kwance musu kalma ɗaya ko biyu a kowace rana, ko daga kwalin magani ko daga allon bakin hanya, domin wannan aiki ba ya cin kuɗi, kuma amfaninsa yana bin ɗalibi tun daga firamare har wurin aiki.